Gogayya Tsakanin Rumbunan Bayanai na Kamfani da na Kowa-da-Kowa

Rumbun bayanai manhaja ce ta kwamfuta wadda ake adana bayanai a cikinta bisa tsari, kamar sunayen ɗalibai da makinsu, ta yadda za a iya zaƙulo kowanne cikin hanzari. Masu samar da ita sun kasu gida biyu.

Kashi na farko kamfanoni ne irin su Oracle, wanda aka kafa a Amurka a 1977, da Microsoft mai manhajar SQL Server. Su kan sayar da lasisin amfani, amma su ɓoye asirin ƙirar. Kashi na biyu kuwa manhajoji ne da aka buɗe asirinsu ga kowa ya duba, ya gyara, ya raba, kamar PostgreSQL, wadda ta samo tushe daga Jami'ar Kalifoniya a 1986, da MySQL, wadda aka fitar a Suwidin a 1995.

Manomin Funtua ko Malumfashi ba zai sha wahalar gane wannan bambanci ba. Masara mai aure tana ba da yabanya, sai dai kowace damina dole a koma wa dillali, domin wadda aka girba ba ta riƙe ingancinta idan aka sake shukawa. Irin gida kuwa yana rumbu, maƙwabci ma yakan samu, amma zaɓensa da kare shi daga ƙwari suna wuyan mai shi. Haka buɗaɗɗiyar manhaja take: ba a biyan lasisi, amma sai an nemi gwanin da zai kula da ita, kuma gwani ba ya aikin banza.

Gogayyar ta ɗauki sabon salo a 2008, lokacin da kamfanin Sun ya sayi MySQL a kan kimanin dala biliyan 1, sannan Oracle ya haɗiye Sun ɗin a 2010. Wato kishiya ta faɗa hannun kishiya. Tun ana cikin cinikin, a 2009, ɗaya daga cikin maƙeran MySQL, Michael Widenius, ya ɗebi ƙirar ya kafa MariaDB. Da a ce asirin a rufe yake, da hakan bai yiwu ba.

Lamarin ya iso har gida. Manhajar DHIS2, wadda ake tattara alƙaluman asibitocin Nijeriya da ita, har da na Jihar Katsina, Jami'ar Oslo ce ke jagorantar ƙirarta, kuma a kan PostgreSQL aka ɗora ta. Saboda haka, malamin da aka ɗora wa adana sakamakon ɗalibai ya kamata ya tambayi mai kawo manhaja tun kafin a sa hannu: idan makaranta ta daina biya, za ta iya kwashe bayananta ta koma wani wuri da su?