Yadda za ka buga ɗan littafi da kwamfuta



Wanda ya koyi karatu, in bai samu abin karantawa ba, mantawa zai yi. Littattafai kuwa tsada gare su, kuma ba kullum suke isowa Cirozerin ba. To, kai ma kana iya yin naka. Tun 1981 tashar SONICHAR ta Anu Araren take ƙona kwal, tana ba Cirozerin da Arlit da Agadas wuta. Inda akwai wuta, da kwamfuta, da injin buga takardu, aiki ya samu.

Ɗauki takarda ɗaya babba, wadda ake kira A4. Ninka ta biyu. Ƙidaya fuskokinta: huɗu ne. Ke nan takarda 1 shafi 4 ce, takarda 2 shafi 8, takarda 3 shafi 12. In labarinka shafi 7 ne, na 8 zai fito fari.

Ga inda mutane suke ruɗewa. A kan takardar da ba a ninka ba, shafi na 1 ba ya zama kusa da na 2. A littafi mai shafi 8, takardar waje tana ɗauke da 8 da 1 a gaba, 2 da 7 a baya. Ta ciki tana da 6 da 3, sannan 4 da 5. Haɗa kowane biyu ka gani: kullum 9 ne. In ba 9 ba, akwai kuskure.

Ba kai za ka yi wannan jeri ba. Rubuta labarinka a Word, daga farko har ƙarshe. Je wurin "Mise en page", ka zaɓi "Disposition Livre". Kwamfuta za ta jera shafuka da kanta. A buga gaba da baya, a juya takarda ta gajeren gefe. In aka juya ta dogon gefe, bayan zai fito kai ƙasa.

Takarda da tawada kuɗi ne. Buga guda ɗaya tukuna. Ninka, ka karanta daga 1 zuwa 8. In ya yi daidai, buga sauran, ka ɗinke tsakiya da allura da zare.

Yi haruffa manya saboda tsofaffi. Rubuta abin da ka sani: noman albasa, kiwon awaki, ranakun rigakafin yara. Kowa ya zo aji da takarda biyu, mu ninka tare.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.