Barandar Teku da Hanyar Arewa: Abin da Ya Sa Fasinjan Jirgin Shaƙatawa Ba Ya Wuce Lome

Jirgin ruwan shaƙatawa idan ya zo Lome, da sassafe yake shigowa, kafin magariba ko bayanta kaɗan ya ɗaga. Wanda ya tsaya a ƙasa ya ɗaga kai, baranda zai gani jere reras, hawa bisa hawa, kowace da kujera biyu da ɗan teburi, an raba ta da maƙwabciyarta da shamaki. A gefe kuma manyan ƙugiyoyi suna ta sauke kwantena. Kwantenar nan tirela za ta hau, ta kama babbar hanya ta ɗaya, ta ratsa Atakpame da Sokode da Kara da Mango da Dapaong, ta tsallaka Burkina ta Sinkase. Duk garin da ta bi sai an ɗan lasa: mai faci ya samu, mai abincin tasha ta sayar, mai shayi ya kwana yana zubawa. Fasinjan baranda kuwa iyakarsa kasuwar bokaye ta Akodesewa, ko a tsallaka da shi tafki cikin kwale-kwale zuwa Togoville, in an yi nisa a kai shi duwatsun Kpalime. Kamfanoni irin su Oceania da Regent da Silversea sun daɗe suna sa Lome cikin jadawalinsu, amma mutumin Sokode sai dai ya ji labari.

Nisa na daga cikin dalilai, za mu zo kansa. Sai dai akwai wani dalilin da ke cikin ɗakin da fasinjan ya biya, kuma shi ba a cika duba shi ba.

A da, baranda a jirgin ruwa sai manyan ɗakuna ƙalilan. Jiragen da suka riƙa zirga-zirga tsakanin Marsai da gaɓar Afirka ta Yamma, irin su Jean Mermoz da aka ƙera a 1957, sufuri suke yi, an raba fasinja aji-aji, ɗaki wurin kwana ne kawai da 'yar taga mai da'ira. Mai son iska sai ya hau sama ya gauraya da mutane. Da jirgin sama ya ƙwace fasinja, sai aka mai da wasu jiragen na yawon shaƙatawa. Shi kansa Mermoz haka aka yi masa a 1970. Babban sauyi ya zo a 1984 da Royal Princess, wanda Gimbiya Diana ta raɗa wa suna: ɗakunansa wajen 600 duk suna kallon ruwa, kusan 150 da baranda. A 2001 aka fito da Seven Seas Mariner, jirgi na farko da kowane ɗakinsa na alfarma ne kuma kowanne da barandarsa. A 2013, sabon Royal Princess ya zo da baranda a kusan kashi 80 cikin ɗari na ɗakunansa.

Lissafin kuɗi ne ya ja ragamar. Ɗaki mai baranda bai fi na ciki cin wuri da yawa ba, amma kuɗinsa ya fi, kuma shi ake fara kamawa. Maƙera suka gano cewa in aka sauko da kwale-kwalen ceto ƙasa-ƙasa, hawa da dama na sama za su sami sarari. Ɗakunan ma a masana'anta ake haɗa su cikakku, da banɗaki da fitilu, a kawo a zura cikin gangar jirgi ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa jiragen yanzu suka yi kama da juna.

Amma in kowa yana da baranda, me za a sayar wa mai kuɗi? Nan aka dawo da ajin da aka ce an soke, ta bayan gida. MSC ya buɗe Yacht Club a jirginsa Fantasia a 2008, Norwegian yana da nasa mai suna The Haven: sashe ne a can sama, da ƙofar da sai da kati take buɗewa, da wurin ninkaya da ɗakin cin abinci da hadimi na musamman. Jirgi ya yi girman da zai ɗauki mutum dubu biyar, sannan a sayar wa wasu hanyar guje wa dubu biyar ɗin. A 2016 Regent ya sa wa babban ɗakin Seven Seas Explorer dala 10,000 a kwana, wato sefa miliyan biyar da ɗoriya.

Annoba ta ƙara wa abin ƙarfi. A watan Fabrairun 2020 aka killace Diamond Princess a Yokohama da mutum 3,711 a ciki, sama da 700 suka kamu da korona. Duniya ta ga hotuna: masu baranda suna shan iska suna ɗaga wa 'yan jarida hannu, na ɗakunan ciki suna jiran a fito da su rukuni-rukuni su ga rana. Bayan nan wanda a da yake cewa ai kwana kawai zan yi a ɗakin ya fara sake tunani. Kasuwar kuwa ta farfaɗo har ta wuce da: ƙungiyar kamfanonin ta ƙirga fasinja miliyan 29.7 a 2019, miliyan 31.7 a 2023.

Akwai kuma sabon mai saye, wanda ya fi kusa da mu. Saudiyya ta kafa kamfanin Cruise Saudi a 2021, cikin shirinta na rage dogaro da man fetur, kuma a Disamban 2024 jirginta Aroya ya fara tashi daga Jidda zuwa cikin Bahar Maliya. Tsohon World Dream ne, ƙirar Jamus ta 2017, aka saya aka sake masa fasali: abinci halal, ga wurin salla, an cire gidan caca, ya fara aiki ba giya, an kuma ware wa mata nasu wurare da lokuta. Ga ɗan kasuwar Sokode ko Kano da ya saba zuwa umara da iyalinsa, wannan ne karon farko da irin wannan yawo ya zo inda ƙafarsa ke kaiwa, cikin yanayin da ba zai ji kunyar a gan shi ba. Shi kuma in zai biya kuɗin baranda, kallon ruwa na biyu ne a wurinsa. Abin da yake nema shi ne inda Hajiya za ta zauna ta sha iska ba tare da mayafi ba, ba idon kowa a kanta.

A nan ne gizo ke saƙar, domin sirrin da ake tallatawa ya fi wanda ake samu yawa. Ɗauki shamakin nan. A yawancin jirage bai kai ƙasa ba, bai kai rufi ba. Ta ƙasa ana ganin ƙafar maƙwabci, in ya ɗan leƙo ta bakin dogarin ƙarfe zai ga rabin barandarka, maganarsa kuwa da tarinsa da ƙarar cokalinsa duk a kunnenka. Kuma da gangan aka yi shi mai buɗewa. A watan Maris na 2006 wuta ta tashi a wata barandar Star Princess yana hanyar Jamaika, ana kyautata zaton guntun taba ne, ta bi shamakan roba ta cinye ɗakuna da dama, mutum ɗaya ya rasu. Daga nan dokar tsaron jiragen ruwa ta duniya ta ce a daina yin shamaki da abin da ke cin wuta, kuma a sababbin jirage ya zama ma'aikata za su iya buɗe shi ta kowane ɓangare. Doka ce mai kyau, amma ma'anarta katangarka ƙofa ce, mabuɗinta yana hannun wani.

Sai fasalin jirgin kansa. A wasu jiragen Princess irin Grand Princess na 1998, hawan ƙasa ya fi na sama fitowa waje, don haka mai babbar baranda a ƙasa yana zaune ne a buɗe, na sama suna kallon tsakiyar kansa. Ya biya ƙarin kuɗi don faɗi, ya rasa rufi. A Oasis of the Seas na 2009 da 'yan uwansa akwai barandu masu kallon cikin jirgi, suna fuskantar juna, tsakaninsu lambu ko filin wasa. Royal Princess na 2013 yana da wata gada mai ƙasan gilashi da ta fito saman ruwa, masu tafiya a kanta suna hango barandun da ke ƙarƙashi. Ɗakin matuƙa yana da fukafukai biyu da suka zarce gangar jirgi don a ga gefensa tun daga kai har wutsiya, ga kuma kyamarori. Ranar da aka tsaya a tasha, wani jirgin na iya jinginowa kusa, baranda ta kalli baranda. A tashar kaya irin ta Lome kuwa mai tuƙa ƙugiya yana can sama da kai. Mai son sutura da gaske, ɗakin da ke da ɗakuna sama da shi da ƙasa da shi zai nema, a gefen da gangar jirgi ta miƙe sak, mai cikakken rufi, nesa da wurin ninkaya da na kiɗa. Ɗakunan wutsiya sun fi ɓoyuwa, amma can ake jin girgizar inji, wani lokacin har toka-tokar hayaƙi ta sauka a kujera. Wannan duk a taswirar jirgi ake gane shi, hoton talla ba ya nunawa. A ganina, ɗaki madaidaici a wuri mai kyau ya fi ciki da falo a wurin da kowa ke leƙe.

Yanzu mu sauko ƙasa. Sokode da Mango garuruwa ne da baƙo ya gina. Hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja ta nan ta bi, kuma unguwar Didawure ta Sokode fatake da malamai ne suka kafa ta. Ayari in ya sauka a zango, mai masauki ne zai ba madugu ɗaki, matan gida su dafa, a sayi ciyawar jakuna, dillali ya ci la'ada, malami ya sami sadaka. Baƙo ba shi da zaɓi, dole ya ci a garin, ya kwana a garin. Jirgin shaƙatawa ayari ne da ya ɗauko zangonsa a ka: masaukinsa da tukunyarsa da kasuwarsa da makaɗansa duk suna tafe da shi. Kusan kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da manyan kamfanoni irin Carnival da Royal Caribbean ke samu, daga abin da fasinja ya kashe a cikin jirgi ne, ban da kuɗin tikiti. Kowace sa'a da ya yi a ƙasa, sa'a ce da bai kashe a sama ba. Shi ma fasinjan, da ya biya maƙudan kuɗi don ɗaki da hadimi da abincin dare, da wuya ya bar gadon nan ya je ya kwana a otal a wani gari. Iya daɗin ɗaki iya gajartar igiyar da ta ɗaure shi da jirgi. Ƙarshen wannan tunani shi ne tsibirin kamfani, kamar CocoCay na Royal Caribbean a Bahamas da aka sake buɗewa a 2019, inda ko an sauka ƙasa kuɗin aljihu ɗaya yake komawa.

Ba zan ɗora wa baranda laifin duka ba. Daga Lome zuwa Sokode kusan kilomita 340 ne, a hanyar da tireloli suka cika. Zuwa da dawowa ya cinye yinin tun ba a ga komai ba. Dapaong ta haura kilomita 600. Ga kuma tsaro: tun harin Kpekpakandi na watan Mayun 2022, inda sojoji takwas suka rasu, da dokar ta-ɓaci da aka sa a yankin Savanes a watan Yunin shekarar, ƙasashen Turai da Amurka suna gargaɗin mutanensu game da iyakar Burkina, kuma kamfanin inshora ba ya wasa da irin wannan gargaɗi. Kogunan dutse na Nok, da rumbunan da mutanen Moba suka gina a jikin dutse suna ɓuya daga mahara, suna nan kusa da Dapaong, amma babu kamfanin jirgi da zai sa hannu ya kai ayari can a yau. Sokode kuwa ba ta cikin wannan hali. Tana da bikin Adosa da 'yan wasan wuƙa da mahaya dawakai, ga dajin Fazawo, ga tsagaggen dutsen Alejo a hanyar Bafilo, gaba kuma ga gidajen ƙasa na Kutammaku da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2004. Abin da ya hana ta shi ne jadawalin yini ɗaya.

Ƙarin jiragen da gaɓarmu ta gani kwanan baya ma bai kamata ya ruɗi kowa ba. Tun da 'yan Huthi suka fara kai wa jirage hari a Bahar Maliya a ƙarshen 2023, kamfanoni da dama suka bar mashigin Suwez suka zagayo ta Afirka ta Kudu, wasu da fasinja, wasu ma wayam. Dole ce ta kawo su, kuma ranar da waccan hanya ta lafa yawancinsu can za su koma.

Wani zai ce to me aka rasa? Yana da hujja. A 2021 an hana manyan jirage shiga tsakiyar Venis, birnin da ya gaji da taron da ke cika titi ya saya kaɗan. Baƙo ɗari uku da za su sauko daga bas su ɗauki hoton masallaci cikin minti ashirin su wuce, ba lallai su fi direbobin tirela goma da suka kwana a tasha amfani ba. Abin da zai taɓa aljihun arewa shi ne kwana. Lome da Kwatano ba su fi kilomita 150 tsakani ba, Tema ma tana kusa, kuma jiragen nan sukan bi su a jere. A wasu ƙasashe, irin Indiya, kamfanoni suna sauke fasinja a wata tasha, a kai shi cikin ƙasa ya kwana biyu ko uku, ya tarar da jirgi a tasha ta gaba. Akwai filin jirgin sama a Niamtugu, arewa da Kara, wanda zai rage wahalar hanya. Irin wannan tafiya ƙananan jirage ne ke sayar da ita, masu fasinja ɗari biyu zuwa bakwai, kuma su ne suka fi zuwa Lome. Wanda za a zauna da shi ma ba baƙo ba ne a tashar: MSC, mai Yacht Club, yana da hannun jari a tashar kwantena ta Lome da ta fara aiki a 2014, kuma a ƙarshen 2022 ya sayi harkokin sufurin kamfanin Bolloré na Afirka, har da ɗaya tashar kwantenar.