Gizo-gizon Tsaunin Everest: Baƙo Ne Ko Ɗan Gari?

A shekarar 1924, cikin tawagar Turawan Birtaniya da ta je hawan tsaunin Everest, wadda Mallory da Irvine suka ɓace a cikinta, akwai wani likita mai sha'awar halittu, Richard Hingston. A tudun da ya kai mita 6,700, inda babu ciyawa ko ɗaya, iskar shaƙa kuma ba ta kai rabin ta bakin teku ba, ya tarar da wasu ƙananan gizo-gizo cikin duwatsu. Ya kwaso su, aka adana a gidan tarihin halittu na Landan. Daga nan gardama ta tashi: mazauna wurin ne, ko kuwa iska ce ta yar da su? Bahaushe ya ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Ni dai ina tare da masu cewa wannan gizo kaba ne, amma masu cewa raɓa ne ba su yi magana da ka ba, ya kamata a saurare su tukuna.

Hujjarsu ta farko tana da ƙarfi. Gizo-gizo na tafiya a sama ba tare da fiffike ba: ƙaramin ya hau kan tsinke, ya ɗaga ciki, ya saki zare, iska ta ɗauke shi. Charles Darwin ya ga irin haka a 1832, lokacin da gizo-gizo suka sauka a jirgin ruwan Beagle yana nesa da gaɓar Ajantina da kusan kilomita 100. Waɗanda Hingston ya samo a can sama ba su balaga ba, kuma ƙananan ne aka fi sani da irin wannan tafiya. Hujja ta biyu Hingston ne da kansa ya miƙa musu, domin da ya rasa abin da suke ci sai ya ce junansu suke ci. Wannan ba ya shiga hankali. Garin da abincin mutanensa shi ne mutanensa, ƙarewa zai yi, sai dai in ana kawo sababbi daga waje, wanda kuma shi ne ainihin abin da masu cewa baƙo ne suke faɗi.

Amsar ta zo bayan shekara talatin. A 1954 Lawrence Swan, masanin halittu da ya bi tawagar Amurka zuwa Makalu, tsaunin da ke maƙwabtaka da Everest, shi ma ya ci karo da su, ya kuma tsaya ya duba ƙarƙashin duwatsu. Ya ga ƙananan ƙudaje da wasu mitsi-mitsin ƙwari masu tsalle da wutsiya, su ne gizon ke farauta. Su kuma ƙwarin suna rayuwa ne da abin da iska ke kwasowa daga kwari ta zube a dusar ƙanƙara: ƙurar furanni, ɓurɓushin ganye, funfuna, gawarwakin ƙwari. Ashe iskar da aka ce ita ta kawo gizon, abincinsa take kawowa. Bakin da Allah ya tsaga ba ya hana shi abinci, kuma ban san inda wannan magana ta fi zama daidai ba kamar a kan dutsen da ko gansakuka ba ta tsira. Yanayin farautarsa ma ya dace da wurin. Ɗan dangin gizo-gizo masu tsalle ne, Salticidae, dangin da ya fi kowane dangin gizo-gizo yawa da nau'i sama da 6,000. Ba ya kafa yana ya jira, abin da guguwar tsauni za ta yayyaga. Da ido yake farauta, ya lallaɓa ya daka tsalle, zarensa kuwa igiyar tsira ce da ɗan ɗakin da yake saƙawa ƙarƙashin dutse ya fake idan rana ta ɓuya.

Mai tatsuniya zai ce ai halin Gizo ke nan, mijin Ƙoƙi, wanda bai taɓa noma ba amma bai taɓa kwana da yunwa ba. Amma kamanceceniyar ta tsaya nan. Gizon tatsuniya da wayo da zamba yake ci, na Himalaya kuwa kowace loma sai ya fita cikin sanyi ya kamo ta, jikinsa bai wuce milimita 5 ba.

Sauran ƙorafi ɗaya, kuma shi ne ya fi jan hankalina: in har an tabbata, me ya sa aka kai 1975 kafin Fred Wanless ya bayyana shi a matsayin sabon nau'i, ya raɗa masa Euophrys omnisuperstes? Wasu na ganin sakaci ne. Ina ganin akwai ladabin ilimi a ciki. Kama da wane ba wane ba ne, kuma ƙananan gizo-gizo masu duhun jiki da ke zama a duwatsu suna kama da juna matuƙa. Launi da girma ba sa raba gardama. Abin da masana ke dubawa a madubin ƙara girma shi ne gaɓoɓin haihuwa: 'yan hannuwa biyu da ke gefen bakin namiji, da wata 'yar ƙofa a ƙarƙashin cikin tamata, kowane nau'i da fasalinsa. Gizon da bai balaga ba ba shi da waɗannan, don haka duk wanda ya sa masa suna, canki ya yi. Dole a sami baligi, a zana shi, a gwada shi da dukan danginsa da aka riga aka sani, a ajiye samfuri guda wanda kowa zai iya komawa ya duba.

Wannan aikin tantancewa shi ma hujja ce a gardamar baƙo da ɗan gari. Iska ba ta zaɓe. Da ita ke jibge gizo-gizo a can, da an tarar da tarkace iri-iri na gonaki da dazuzzukan ƙasa. Samun gizo-gizo masu tsalle a tsaunuka biyu, shekara talatin tsakani, har da manya da abincinsu da maɓoyarsu, ya nuna zuriya ce ke hayayyafa. A 2022 kundin gizo-gizo na duniya da ke birnin Bern ya cika nau'i 50,000, masana kuma na hasashen akwai kusan wannan adadi da ba a raɗa wa suna ba, wasu a tsaunuka, wasu cikin kwalaben gidajen tarihi kamar yadda na Hingston suka daɗe.