Shabu: Gasar ɗalibai da makomar itatuwan da ake dasawa ranar biki

Matafiyin da ya taso daga Akwanga zuwa Lafiya, kafin ya shiga babban birnin Jihar Nasarawa sai ya ratsa ta Shabu. A nan Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi ta kafa Tsangayar Aikin Gona, wadda a cikinta akwai sashen da ke koyar da ilimin gandun daji da namun dawa. A kan wannan hanya kuma matafiyin zai yi ta cin karo da buhunan gawayi jibge a bakin titi, suna jiran motocin da za su kwashe su zuwa Abuja da sauran birane. Ɗalibin da ke koyon yadda ake renon daji da safe, da yamma yana iya ganin dajin an ƙulle shi a buhu.

Itatuwan da suka fi shan gatari su ne waɗanda suka fi daɗewa kafin su girma. Kirya, wadda maƙera suka daɗe da sanin ƙarfin garwashinta, tana kan gaba, sai marke, har ma da kaɗanya da ɗorawa, waɗanda a da manomi ba ya taɓa su a gonarsa saboda man kaɗe da daddawa. Gwamnatin jihar ta taɓa sanar da haramta wannan sana'a, amma muddin iskar gas da kananzir sun fi ƙarfin aljihun talaka, tukunya sai ta nemi gawayi. Idan itace ya tafi, ruwan damina da ke zuba daga Afrilu zuwa Oktoba ya samu ƙasa tsirara, zaizaya ta biyo baya, abin da unguwannin Lafiya da dama suka sani sarai.

Wannan ne ya sa masu fafutukar kare muhalli suka karkata ga makarantu. Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, wato NCF, ta shafe shekaru tana kafa ƙungiyoyin ɗalibai a makarantu. A duk ranar 5 ga Yuni, Ranar Muhalli ta Duniya da aka fara bikinta a 1973, makarantu a sassan ƙasar nan kan shirya muhawara da kacici-kacici da gasar rubutu, a raba kyaututtuka, babban baƙo ya dasa itace, a ɗauki hoto. Gasa tana da tasirin da wa'azi ba shi da shi a wurin yaro, domin ɗan shekara 15 da ba zai saurari lacca kan sauyin yanayi ba, zai hana idonsa barci don kada makarantar da ke maƙwabtaka da tasu ta sha gabansu.

Sai dai abin da ake auna wa yaran shi ne inda gizo ke saƙar. Ranar 5 ga Yuni ta faɗo tsakiyar damina a Shabu, lokacin da ko sanda aka kafa sai ta yi kamar za ta tofo. Jarrabawar itace ta gaskiya tana zuwa ne daga baya: dogon hutu ya zo a watse, ciyawa ta rufe dashen, ruwa ya ɗauke a ƙarshen Oktoba, hunturu ya busar da ƙasa, masu farautar gafiya su cinna wa daji wuta, abin da ya tsira kuma awaki su ƙarasa. Zuwa Maris, kofin yana nan yana sheƙi a ofishin shugaban makaranta, ramukan kuwa babu kowa a ciki.

Manoman Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun riga sun ga wannan. Tony Rinaudo, wani masanin aikin gona ɗan Ostireliya, ya shafe shekaru yana rabon dashe a yankin, mafi yawansu suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƙananan tsiron da manoma ke sassabewa kowace shekara rassa ne daga kututturen itatuwan da saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Aka koma zaɓen reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi a bar su, a datse sauran, dabarar da manoman suka raɗa wa suna sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta dawo da itatuwa kimanin miliyan 200, da yawansu gawo, a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Ba a sayi dashe ba, ba a haƙa rami ba, abin da aka kashe shi ne kulawa.

Ko gasannin duniya da suka yi suna a wannan fanni ba su tsaya kan iya magana ba. Gasar ruwa ta matasa da ake yi a birnin Stockholm na Suwidin tun 1997 tana neman 'yan shekara 15 zuwa 20 su gabatar da aikin bincike da suka yi da hannunsu kan wata matsala ta zahiri.

Shabu tana da abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Malamai da ɗaliban gandun daji suna zaune a cikin garin, sun san irin da ya dace da ƙasar, sun san yadda ake renon dashe a leda da yadda ake auna kaurin gindi, kuma su kansu suna buƙatar filin gwaji don ayyukansu na kammala karatu. Jihar tana cikin jihohin Arewa 19 da shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasa ya shafa, wanda Bankin Duniya ya amince masa da dala miliyan 700 a Disambar 2021. Shinge da bokiti da kyautar da za a ba makarantar da ta yi fice ba za su girgiza irin wannan kasafi ba.

Gyaran da ake buƙata bai wuce sauya ranar yanke hukunci ba. A dasa a Yuni, kowane aji ya san itatuwansa da lamba, a ba da maki ga makarantar da ta reno tsiron kirya ko kaɗanya da ta tarar a harabarta daidai da wadda ta dasa mangwaro. Alƙalai kuma su ajiye kofin a hannunsu sai ƙarshen Maris, su zo cikin zafin bazara su ƙirga waɗanda ke da ɗanyen ganye.