A-kori-kura Ta Ƙi Tashi: Bin Sawun Matsalar Wuta a Tsohuwar Mota

Tsohuwar a-kori-kura takan ƙi tashi ne ta ɗaya daga cikin hanyoyi uku. Ko dai wuta ba ta isa ga sitata ba, ko ta isa amma sitatar ta kasa juya inji, ko kuma injin ya juya amma bai kama ba. Daga rarrabe waɗannan ukun bincike yake farawa, kuma kunne da ido ne kayan aikin farko, tun kafin a ɗauko sifana.

A Yashe, mararrabar da titin Kano zuwa Katsina ya haɗu da wanda ya taso daga Funtuwa ta Malumfashi, irin waɗannan motoci ne ke kwasar hatsi da taki da dabbobi daga ƙauyukan Kusada da Kankiya zuwa kasuwanni irin ta Charanci. A cikinsu akwai tsofaffin Toyota Hilux, akwai kuma Fijo 404 da 504 irin waɗanda kamfanin PAN na Kaduna, wanda ya fara aiki a 1975, ya riƙa harhaɗawa. Tsufansu yana da amfani guda: babu kwamfuta a cikinsu, wayoyinsu kuma ba su da yawa. Mai riwaya da ke da mita da ɗan ƙwan fitila na gwaji zai iya bin layin wutarsu daga farko har ƙarshe.

Layi biyu ne ke tayar da inji. Na farko babban layi ne: waya mai kauri ta tashi daga kan batir mai alamar tarawa zuwa solinoyid da ke jikin sitata, wadda makanikai suka fi kira kik. Wutar takan koma batir ta jikin inji da ƙarfen mota, sannan ta wata waya mai kauri da ke ɗaure a kan batir mai alamar ragewa. Na biyu ƙaramin layi ne, daga makulli zuwa solinoyid. Idan aka murɗa makulli, ƙaramin layin yakan sa solinoyid ya tura ƙaramar giyar sitata cikin haƙoran fulayiwil, ya kuma haɗa babban layin.

Abin da ya kamata a riƙe shi ne yawan wutar da ke bi ta babban layin. Sitatar injin fetur mai silinda huɗu takan ja amfiya 150 zuwa 200, ta dizal kuwa ta fi haka nesa ba kusa ba. Fitilar gaba guda ɗaya amfiya biyar kawai take ci. Shi ya sa mahaɗin da ya yi tsatsa yake iya kunna fitila da rediyo lafiya lau, amma da zarar an nemi ya ɗauki nauyin sitata sai ya gaza. Direba ya ga fitila na ci, ya ce batir lafiyarsa ƙalau, ya ɗora laifin a kan kik. Wani kuma ya ji mota ta yi shiru, ya je ya sayo sabon batir. Sau da yawa duk su biyun sun yi asarar kuɗi ne a kan abin da sanfefa da sifana mai lamba 10 za su gyara.

Gwaji mafi sauƙi ba ya cin ko kwabo. A kunna fitilun gaba, wani ya tsaya yana kallonsu, direba ya murɗa makulli. Idan fitilun suka mutu murus, ko batir ya kwanta ne ko kansa ya yi sako-sako. Idan suka dushe sosai, inji kuma yana juyawa da ƙyar yana nishi, batir ya yi rauni ko sitata tana jan wuta fiye da ƙima. Idan kuwa haskensu bai ko motsa ba, wutar ba ta shiga sitata ba ke nan, sai a koma kan makulli da ƙaramin layi da solinoyid.

Ƙarar da ke fitowa ma shaida ce. Ƙas-ƙas-ƙas a jere da sauri na nufin solinoyid yana kamawa yana saki, domin duk lokacin da ya haɗa babban layi wutar faɗuwa take yi. Wannan aikin batir ne ko mahaɗansa. Ƙas guda ɗaya mai ƙarfi, sannan shiru, ya fi nuna cewa tagullar cikin solinoyid ta ƙone ko buroshin sitata ya cinye. Idan sitata tana gudu fayau amma inji bai motsa ba, ƙaramar giyarta ce ba ta kama fulayiwil. Gurzar ƙarfe da ƙarfe kuwa alama ce ta haƙoran da suka gutsure, ko notunan da ke riƙe sitata sun kwance.

Kan batir shi ne wurin da ya fi cancanci a tsaya a duba da kyau. A tsohuwar mota akan tarar da shi ya yi farin gari ko kore-kore, matsewarsa ta buɗe baki don yawan ɗauri, an kafa masa ƙusa ko an cusa guntun gwangwani don ya matse. Wani lokaci wayar kanta ce ta ruɓe a cikin robarta: daga waje lafiya, amma in an lanƙwasa ta sai a ji tana ƙaras-ƙaras, in an yanka robar a ga zaren tagullar ya yi baƙi. Bayan an murɗa makulli na ɗan lokaci, mahaɗin da ya ɗauki zafi shi ne mai laifi, domin wutar da ya kamata ta juya inji a nan take ƙonewa. Gyaransa shi ne a fara cire waya mai alamar ragewa, a wanke farin garin da ruwan ɗumi da aka jiƙa kanwa a ciki, tunda kanwa tana kashe kaifin asid, a kula kada ruwan ya shiga cikin batir. Sai a goge har dalma ta yi ƙyalli, a ɗaure tamau, a shafa giris daga sama. Wayar da ke haɗa inji da jikin mota ita ce aka fi mantawa da ita, musamman bayan an sauke inji an mayar. Idan ta tsinke, wuta takan nemi hanya ta wayar totur ko ta cok, har su yi zafi su narke.

Mita ce ke raba gardama a kan batir. Gidaje shida gare shi, kowanne yana ba da kimanin bolt 2.1. Cikakken batir da ya huta yakan nuna 12.6, idan ya nuna 12.2 caji ya kai rabi. Ƙasa da 12 kuwa ya kusa ƙarewa. Amma awon da ya fi muhimmanci shi ne wanda ake yi a lokacin da sitata ke juyawa: bai kamata ya sauka ƙasa da 9.6 ba. Batirin da ya nuna 12.6 a zaune ya faɗi zuwa 7 a ƙarƙashin nauyi ya gama aiki, ko da an kwana ana yi masa caji. Da wannan mitar ake auna asarar da ke kan waya. A ɗora bakin mitar guda a kan batir mai alamar tarawa, ɗayan a kan notin solinoyid, a murɗa makulli. Abin da ya haura rabin bolt ya yi yawa.

Yanayin wannan yanki ba ya raga wa batir. Zafin bazara, daga Maris zuwa Mayu, yana ƙafar da ruwansa yana cin farantansa, sai sanyin asubahin hunturu ya zo ya tona asirin ɓarnar, lokacin da baƙin mai ya yi kauri, batir kuma ƙarfinsa ya ragu. Jijjigar hanyar burji tana kakkaɓe farantan, musamman idan da roba aka ɗaure batirin maimakon ƙarfen da aka yi domin haka. Idan ruwa ya ja baya, tataccen ruwan batir ake ƙarawa. Asid ba ya ƙafewa, don haka ƙara shi ɓarna ce, ruwan rijiya kuma yana ɗauke da gishirin da ke kashe gidajen. Batirin da ke caji yana fitar da iska mai kama wuta, saboda haka ba a leƙa cikinsa da ashana.

Idan batir da wayoyi sun wanku, sai a juya ga sitata. Ɗan bugun da ake yi mata da ƙotar guduma ta tashi, shaida ce cewa buroshi ya kusa ƙarewa. Magani ne na yini ɗaya. Bushin da ya ci yakan sa cikinta ya riƙa gogar jikinta, ta yi nauyi, ta fi gardama idan inji ya yi zafi. Laka da ruwan damina kuma sukan sa giyarta ta cije. Duk waɗannan ana gyara su ba tare da sayen sabuwa ba. Masu riwaya kan haɗa notin solinoyid da ƙaramin bakinsa da sukuddireba don gwaji: idan ta juya, laifin yana makulli ko ƙaramar waya. Dole giya ta kasance a firi, birkin hannu a ja, domin motar da ke cikin giya za ta zabura a kan mai gwajin. Ba a kuma riƙe makulli fiye da daƙiƙa 15 a jere, sai a bar sitata ta huce.

Batirin da ke kwanciya a kai a kai, duk da lafiyarsa, ƙarar altaneta yake kaiwa. Da inji yana aiki ya kamata mita ta nuna tsakanin 13.8 da 14.5. Ƙasa da haka, a duba fanbel ko ya saki, sannan jar fitilar caji da ke gaban direba. A yawancin tsofaffin motoci ta wannan ƙwan ne altaneta ke samun wutar farko, don haka mutuwarsa na iya hana caji. Akwai wata al'ada da ya kamata a bari: cire batir alhali inji yana aiki, ko don gwada caji ko don mayar da batirin aro. Wutar da ke tashi a wannan lokaci tana ƙona diyod ɗin altaneta, diyod da ya lalace kuma yakan tsotse batir cikin dare. Ana gano irin wannan satar wuta ta hanyar sa ƙwan gwaji tsakanin kan batir mai alamar ragewa da wayarsa, bayan an kashe komai. Idan ya kama, sai a riƙa zare fiyus ɗaya bayan ɗaya har ya mutu. Galibi rediyo ne ko ƙarin fitila ko ham da aka jona kai tsaye.

Saura hanya ta uku, inji yana juyawa da ƙarfinsa amma ya ƙi kamawa. A injin fetur akan zare wayar tsakiya daga distiributa a kusanta ta da jikin inji. Tartsatsi shuɗi mai ƙara na nufin kwayil lafiya. In babu, a duba kontak, wanda tazararsa ke kusan milimita 0.4, da kwandensa. Da damina laima kan taru a cikin murfin distiributa, gogewa da busasshen ƙyalle kawai take buƙata. A injin dizal kuwa babu filogin tartsatsi. Abin dubawa shi ne hita, wadda mutuwarta ke jawo farin hayaƙi da wahalar tashi da sanyin safiya, sai ɗan solinoyid da ke jikin famfon mai, wanda ya kamata a ji ƙas ɗinsa da zarar an buɗe makulli.

Idan mota ta tsaya a daji, turi a giya ta biyu yana tayar da ita muddin akwai ragowar wutar da za ta kunna kwayil ko ta buɗe mai. In za a jona da batirin wata mota, tarawa ake haɗawa da tarawa, sannan a maƙala wayar ragewa a jikin injin da ya mutu, nesa da batir. Fiyus da ya ƙone ana maye shi ne da mai lamba irin tasa, bayan an gano abin da ya ƙona shi. Naɗa masa zaren waya yana mayar da wayoyin motar duka su zama fiyus, kuma ta haka gobara ke tashi. Idan bincike ya tabbatar sai an sauya sitata ko altaneta, ko daga Katsina aka samo ta ko daga Ƙofar Ruwa a Kano, a tafi da tsohuwar don a gwada yawan haƙora da zaman notuna, a kuma jona ta da batir a ga aikinta kafin a biya kuɗi.