Diyyar Mai Rauni Da Kuɗin Inshora: Gardamar Da Ta Ƙi Ƙarewa A Amurka

 

Akwai wata gardama da mutanen Amurka suka shafe shekara hamsin suna yi, wadda duk wanda ya karanta babin diyya a Risala zai ji kamar ya san ta. Gardamar kuwa ita ce: idan likita ya yi kuskure ya nakasa majiyyaci, nawa za a biya shi, kuma wa zai biya?

A can, wanda aka yi wa rauni yakan kai ƙara kotu, wasu mutanen gari da aka zaɓo don taya alƙali shari'a su yanke abin da za a ba shi. Kamfanin inshora ne ke biya, shi kuwa likita yana zuba wa kamfanin kuɗi kowace shekara. A 1975 kuɗin nan ya yi tashin gwauron zabo a Jihar Kalifoniya, har wasu likitoci suka janye daga aiki. Sai majalisar jihar ta kafa doka ta raba diyya gida biyu. Kuɗin magani da albashin da mutum ya rasa, a biya shi duka. Amma diyyar raɗaɗi da nakasa da ɓacin halitta, kada ta wuce dala 250,000. Jihar Teksas ta bi sahu a 2003. A Ilinoi da Jojiya kuwa, manyan kotunan jihohin sun soke irin wannan iyaka a 2010.

Masu goyon bayan dokar suna da hujja, kada mu zalunce su. Sun ce idan kuɗin inshora ya yi yawa likita zai bar aikin da ke da haɗari, kamar karɓar haihuwa, ƙarshenta talaka ne zai rasa mai duba shi. Kuma lalle kuɗin inshorar likitocin Teksas ya sauka bayan 2003. Sai dai rangwamen da aka yi wa jama'a alkawari bai taka kara ya karya ba. Ofishin kasafin kuɗi na majalisar ƙasar ya ƙiyasta a 2009 cewa ko da an yi irin wannan gyara a ƙasa baki ɗaya, abin da zai ragu daga kuɗin kiwon lafiya wajen rabin kashi ɗaya ne cikin ɗari.

To, a ganina aibin ba ya cikin ƙayyade diyya. Shari'ar Musulunci ta riga kowa ƙayyadewa: rai raƙuma 100, yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. Ƙayyadewa na kashe husuma, tana kuma hana ƙarar shekara da shekaru wadda lauya ke kwashe wajen sulusin abin da aka samu. Aibin yana cikin yadda aka ƙayyade.

Dubi mutum biyu da kuskure ɗaya ya makantar. Na farko attajiri ne mai babban albashi, zai karɓi miliyoyi saboda abin da ya rasa na samu. Ta biyu tsohuwa ce da ba ta aikin albashi. Ba ta da asarar kuɗi da za ta nuna, ba ta da komai sai idonta, idon kuwa shi ne aka yi wa iyaka. Sau da yawa ma lauya ba ya karɓar irin ƙararta, don abin da za a samu ba zai mayar da kuɗin ɗauko ƙwararrun shaidu ba. A fiƙihu ba a tambayar albashi. Yatsan sarki da na ɗan dako raƙuma goma ne, diyyar jariri ita ce diyyar dattijo, gama ana biyan gaɓar ne don ta ɗan Adam ce.

Sannan ga maganar darajar kuɗi. Dala 250,000 ɗin nan ta zauna daram shekara 47, kaya na ta tsada, har ya zama a 2022 ba ta sayen ko kashi ɗaya cikin biyar na abin da take saye a 1975. Watau kowace shekara ana zaftare haƙƙin mai rauni ba tare da kowa ya ɗaga hannu a majalisa ba. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, da ya ga raƙuma sun yi tsada, sai ya ɗaga kimar diyya daga dinari 800 zuwa 1,000, daga dirhami 8,000 zuwa 12,000. Bai jira masu haƙƙi sun yi kuka ba. Kalifoniya ba ta gyara tata ba sai a 2022, inda aka mayar da iyakar dala 350,000 ga rauni, 500,000 ga mutuwa, daga farkon 2023, tare da ƙari kowace shekara.

Saura tambayar wanda zai biya. Malamanmu ba su so a durƙusar da mai kuskure ba, shi ya sa diyyar kuskure take kan aƙila, watau danginsa na wajen uba, su biya cikin shekara uku. A mazhabar Imam Malik aƙila na ɗaukar abin da ya kai sulusin diyya zuwa sama, abin da ya gaza haka mai laifin ne ke biya daga aljihunsa, wannan kuwa na sa mutum ya kula. Ibn Rushd ya kawo cewa likitan da ya san aikinsa, hannunsa ya kuskure, diyya na kan aƙilarsa a wurin mafi yawan malamai. Da zamani ya sake, Sayyidina Umar ya mayar da nauyin kan abokan mutum na diwani, waɗanda suke karɓar albashi tare. An sauƙaƙa wa mai biya ta hanyar yawaita masu ɗauka, ba a taɓa rabon wanda aka cuta ba.

Inshora ta yi kama da aƙila a siffa, amma kamfani yana da masu hannun jari, duk dalar da bai biya mai rauni ba riba ce gare su. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta haramta inshorar kasuwanci saboda garari, watau rashin sanin abin da kowa zai bayar da abin da zai karɓa, ta halatta ta taimakekeniya, irin wadda aka fara a Sudan a 1979. A cikin wannan, abin da ya yi rara a asusu bayan an biya masu haƙƙi na waɗanda suka zuba kuɗin ne.