3.4 Zaɓen Abincin Gina Jiki Ga Wanda Madara Ba Ta Karɓe Shi Ba

3.4.1 Shimfiɗa

A wannan sashe an yi ƙoƙarin bayyana hanyoyin da mutum zai bi ya sami sinadarin gina jiki, wato furotin, idan madara tana wahalar da shi. Wannan batu yana da muhimmanci, domin akwai waɗanda kan daina shan madara ba tare da sun nemi madadinta ba, su wayi gari da ƙarancin furotin da kalsiyam.

3.4.2 Ire-iren Matsalar

Masana kiwon lafiya sun kasa matsalar gida biyu. Kashi na farko shi ne kasa narkar da sukarin madara mai suna laktos. Wannan kan faru ne idan hanji ya rage samar da sinadarin laktes, wanda shi ke farfasa sukarin. Sukarin da bai narke ba sai ya gangara babban hanji, ƙwayoyin cikin hanji su ruɓar da shi, ya haifar da kumburin ciki da murɗa da zawo. Kimanin kashi 2 cikin 3 na manyan mutanen duniya suna da wannan ragi. Wani bincike da Norman Kretchmer da abokan aikinsa suka wallafa a 1971 ya nuna cewa akasarin Fulani makiyaya a Nijeriya suna narkar da laktos har girmansu, alhali akasarin Yarbawa da Ibo ba sa iyawa.

Kashi na biyu shi ne borin jini ga furotin ɗin madara kansa. Alamominsa sun haɗa da ƙuraje da kumburin leɓe da amai, wani lokaci har da sarƙewar numfashi mai iya kisa. An fi samun wannan ga ƙananan yara.

Bambance waɗannan biyu shi ne matakin farko, domin abin da ya dace da ɗaya yana iya cutar da ɗayan. Mai matsalar laktos galibi yakan iya jure kimanin giram 12 a zama ɗaya, wato abin da ke cikin kofi guda na madara, musamman idan ya haɗa da abinci. Haka kuma kindirmo da nono sun fi masa sauƙi saboda tsami ya cinye wani ɓangare na sukarin, man shanu kuwa laktos ɗinsa kaɗan ne ainun. Shi kuwa mai borin jini wajibi ne ya ƙaurace wa dukkansu, har da nonon akuya, domin furotin ɗinsa ya yi kama da na saniya.

3.4.3 Madadin Madara Cikin Abinci

A rahotonta na 2007, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade giram 0.83 na furotin a kullum ga kowane kilo na nauyin baligi. Ke nan mai nauyin kilo 60 yana buƙatar kusan giram 50. Ana iya samun wannan daga:

(a) Ƙwai: guda ɗaya yana da kimanin giram 6.
(b) Wake: busasshe giram 100 yana da kimanin giram 24.
(c) Gyaɗa: giram 100 tana da kimanin giram 25, ƙuli-ƙuli kuwa ya fi haka tunda an matse mai.
(d) Waken suya: busasshe giram 100 yana da kimanin giram 36, daga gare shi ake yin awara.
(e) Nama da kifi da kaza.

Abin lura a nan shi ne, hatsi yana da ƙarancin sinadarin laisin, wake kuma yana da ƙarancin metiyonin. Idan aka haɗa su, kowanne sai ya cike giɓin ɗan'uwansa. Saboda haka shinkafa da wake, ko koko da ƙosai, haɗi ne mai ma'ana a kimiyyance.

Ta fuskar kalsiyam, baligi yana buƙatar kimanin miligiram 1,000 a kullum, kofin madara kuma yana ba da kusan 300. Wanda ya bar madara sai ya nemi wannan a ƙananan kifaye da ake ci da ƙayarsu, da zogale da kuka da riɗi.

3.4.4 Zaɓen Magungunan Ƙarin Sinadari

Idan abinci ya gaza, akan koma ga garin furotin ko ƙwayoyin ƙari. Yawancin garin furotin da ake sayarwa ana yin sa ne daga ruwan da ke tsatsowa wajen yin cuku, wanda ake rubutawa whey a jikin gwangwani. Wanda aka tace sosai yakan kai kashi 90 cikin 100 na furotin, laktos ɗinsa kuma kaɗan ne, don haka mai matsalar laktos yana iya gwada shi. Mai borin jini kuwa sai dai na waken suya ko na ƙwai, muddin su ma ba sa tayar masa da borin.

Bugu da ƙari, akan yi amfani da laktos wajen haɗa ƙwayoyin magani da dama, don haka ya kamata a karanta jerin abubuwan da aka zuba. Ƙwayar laktes tana taimaka wa kashi na farko kaɗai, ba ta da wani amfani ga mai borin jini. A Nijeriya ya dace a duba lambar rajistar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Haka nan madarar waken suya da ake yi a gida ba ta maye gurbin nonon uwa ga jariri.

3.4.5 Naɗewa

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa barin madara ba ya hana jiki samun abin da yake buƙata. Abin da ake so shi ne likita ya tantance irin matsalar, sannan a fara neman madadi cikin abinci kafin a nufi kantin magani. Sashe na gaba zai dubi yadda lamarin ya shafi mata masu juna biyu.